An Ba Bazazzagi Ludayi

Bazazzagi bawan Kanawa, ina yi maka sallama, duk da kai ya kamata ka fara zubewa ka kwashi gaisuwa. Labari ya iso Kano cewa 'yan uwa mazauna Wiskonsin ta Amurka sun zauna sun raba aikin walimar Ranar Godiya ta bana. An ba wani gashin talotalo, an ba wata dankali, masa da miyar taushe suka faɗa kan wata baiwar Allah, kai kuma aka ce ka zo da abin sha. An ce tun ranar ba ka bar kowa ya huta ba, kana ta buga waya Tudun Wada da Sabon Gari kana shelar an ɗora maka babban nauyi. Allah sarki. Abin da suka ji kunyar gaya maka ni zan gaya maka, tunda dama aikina ke nan: a kowace walima, mutumin da ake tsoron ya matso kusa da murhu shi ake ba abin sha. In talotalo ya ƙone, rana ta ɓaci. In abin sha ya ɓaci, akwai famfo.

Da ka tsaya matsayinka ka shiga kanti ka ɗauko katan biyu na lemon kwalba, da ba wanda ya ji kanmu. To amma uwargidanka, 'yar Kanon da muka ba ka don tausayi, ta ce ka rantse sai ka haɗa fanci, wannan gaurayen ruwan 'ya'yan itace da kayan ƙamshi da Amurkawa ke cika babban kwanon gilashi da shi lokacin kaka, a tsoma ludayi, kowa ya zo ya ɗiba. Ta ƙara da cewa, murya ƙasa-ƙasa, ka riga ka sayo kanumfari gwangwani guda da garin kirfa babbar kwalba. Nan hankalina ya tashi. Ba don kai ba, kai ka saba. Don ita, da za ta zauna cikin mata ana kallonta ana kallon kofi.

Kafin mu shiga madafa, roƙo ɗaya gare ni. Na san ku, mutanen garin da in ka tambayi mutum hanyar tasha sai ya fara da gabatarwa, ya yi bitar ayyukan magabata, sannan ya nuna maka kwanar da ba ita ba. Kada ka riƙe ludayi ka tsare layi kana yi wa jama'a laccar tarihin ranar. Yaran gidan sun haddace tun a firamare: walimar kaka da Turawan da suka sauka a Filimos suka yi da mutanen Wamfanowag a 1621, shelar da Abraham Lincoln ya yi a 1863 ana tsakiyar yaƙin basasa, da dokar da majalisa ta yi a 1941 ta tsayar da ranar a Alhamis ta huɗu ta watan Nuwamba. Abin da ba lalle su gaya maka ba shi ne, tun 1970 wasu daga cikin 'yan asalin ƙasar ke taruwa a Filimos a wannan Alhamis ɗin su yi zaman makoki, domin a wurinsu saukar baƙin nan ita ce mafarin rasa ƙasa da rayuka. Saboda haka ka zuba wa mutane abin sha, ka ce a sha lafiya, ka ja bakinka. Na san jan bakin ya fi haɗin wuya a wurinka.

Jigon fancin kaka ruwan tuffa ne, amma ba wannan garai-garai da ake ba yara a ƙaramin kwali ba. Wanda ake nufi shi ne mai duhu, gurɓi-gurɓi, wanda aka markaɗe tuffa da ɓawonta aka matse ba a tace sosai ba. Suna ce masa saida. A jarkar roba ta galan ɗaya ake sayar da shi, wato lita 3.8, kuma daga Satumba har ƙarshen shekara ba kantin da ba za ka same shi ba, ban da gonakin tuffa da ke matse nasu a bakin hanya. Shi ne ke da kauri da garɗin da za su ɗauki kayan ƙamshi. Tataccen nan in ka sa masa kirfa, ruwan sukari da turare kawai za ka ji.

A nan fa nake jiye maka. Abu biyu ne ke amsa sunan nan: ɗaya ruwan tuffa zalla, ɗaya an bar shi ya tsimu ya zama giya, kuma a kantunan Wiskonsin ba wata tazara ce tsakaninsu ba. Mutanen da har gobe ba su gama raba "ya zo" da "ta zo" ba, su ne za su raba abu biyu masu hoton tuffa iri ɗaya? To ga alama daidai ƙwaƙwalwar Zazzau. Mai giyar yawanci a kwalba ko gwangwani yake zuwa, an rubuta a jiki kashi nawa na barasa ke ciki, kuma in ka kai gaban mai karɓar kuɗi zai iya neman shaidar ka kai shekara 21. In ka ji an tambaye ka kati, kada ka washe baki ka ɗauka ƙuruciya ce ta dawo. Mayar da abin inda ka ɗauko.

Kuma ka sani na giyar shi ne babba a tarihinsu. John Chapman, wanda suke yi wa laƙabi da Johnny Appleseed, ya rasu a 1845, yara suna karanta shi a matsayin dattijon kirki mai yawo yana dasa tuffa a Ohayo da Indiyana. Daga ƙwaya yake shuka tasa, tuffar ƙwaya kuwa yawanci tsami da bauri ne da ita, ba ta ciyuwa, matsewa ake yi a tsima. Sai da masu yaƙi da shan giya suka yi ƙarfi, har gwamnati ta haramta ta daga 1920 zuwa 1933, sannan mai zaƙin ya mamaye kasuwa. Shi ya sa har yau yawancin tsarin haɗin da za ka gani a littattafansu na girki suna ƙarewa da a tuttula wata kwalba a kai. Wannan layin ka tsallake shi. Haka ruwan banila, wanda na san za ka so ɗigawa don a ce ka waye: na ainihin, a dokar ƙasar, sai da aƙalla kashi 35 cikin ɗari na barasa a ciki. Fanci ba ya buƙatarsa, ka bar wa masu kek da malamansu su yi ta muhawara.

Na biyu kiranberi, kuma a nan Allah ya yi maka gata don ya ajiye ka a gidan kiranberin. Fiye da rabin kiranberin da Amurka ke nomawa daga Wiskonsin yake fitowa, Masacuset na biye, har jihar taku ta ɗauke shi a matsayin ɗan itacenta na hukuma. Na ga hoton da ka turo bara, kana tsaye bakin wani fili da ya yi jawur da 'ya'yan suna lilo a kan ruwa, ka rubuta a ƙasa wai a tafki ake noma shi. Haka ka yi ta gaya wa mutane, har wani ɗan uwanku ya maimaita a wurin ɗaurin aure. Ba a ruwa yake fitowa ba, malam. Yaɗo yake yi a ƙasa mai yashi da dausayi. In kaka ta yi, daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, sai a sako ruwa a cika gonar, a shiga da inji a karkaɗe 'ya'yan. Da yake kowanne yana da 'yan ɗakunan iska huɗu a cikinsa, sai su taso sama, a kewaye su a jawo gefe guda, a zuƙe cikin mota. Ruwan da ka gani na girbi ne. Shekara da shekaru kana zaune a jihar, sai Bakano daga nan ya gyara maka.

Ɗanyensa ba mai iya sha haka, tsami ne da bauri masu tsuke baki. Don haka yawancin kwalaben da ke kanti kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ruwan kiranberi, sauran ruwa ne da sukari. Juya kwalbar ka karanta bayanta, karatu dai ba a fi ku ba. In irin wannan ka ɗauko, babbar kwalbar nan mai kusan lita 2 ta dace da galan ɗaya na ruwan tuffa, kuma ka manta da maganar ƙara sukari. In zallan ka samu, mai tsada a ƙaramar kwalba, rabin lita ya isa. Aikinsa shi ne ya karya zaƙin tuffa, don ruwan tuffa shi kaɗai kofi biyu za ka sha ya gundure ka, ga shi kuma za a bi shi da talotalo da dankali mai man shanu.

Na san abin da ke yawo a ranka yanzu: ja, tsami, citta, kanumfari, ai wannan zoɓo ne. Ba ka yi ƙarya ba, kuma a rubuta ranar. Zoɓon ma ba sai an aiko maka daga gida ba. Shiga kowane kantin 'yan Meziko za ka gan shi busasshe a leda, su ma jiƙa shi suke yi su sha da sanyi. Meziko ce ke saye mafi yawan zoɓon da Najeriya ke fitarwa, wanda ake nomawa a Jigawa da maƙwabtanta, a tara a Maigatari da Dawanau, a tsince, a ɗure a buhu a kai tashar jirgin ruwa. Wato ba mamaki ledar da za ka ɗauka ta bi ta hannun Bakano, wani abu daga cikin dalarka ya dawo mana. Ko a Amurka aiki kake yi mana.

'Yan Mezikon ma suna da nasu fancin, da zafi suke shansa a dararen da ke gaban Kirsimeti, daga 16 zuwa 24 ga Disamba. A tukunya ɗaya suke dafa gwaba da tuffa da wani ɗan itace nasu rawaya, da kirfa, da tsamiya ko zoɓo, da mazarƙwailarsu mai tsini, sannan su yanka rake sala-sala su jefa. In maƙwabci ya miƙo maka kofi ka ga rake a tsaye a ciki, ka daure, kada ka fashe da kukan tuna Maƙarfi a gidan mutane.

Amma ga inda zan taka maka birki. Kada zumuɗi ya sa ka mayar da kwanon kacokan zoɓon suna. Ranar tasu ce, abin shan ranar kuwa tuffa ne da kiranberi, amfanin gonar ƙasar da kuke ci a cikinta. Yaranku da aka haifa can wannan ƙamshin suka sani da kaka, maƙwabtan da aka gayyato ma shi suke sa rai. Wanda ya zauna a gari ya kamata ya iya abin garin yadda masu shi ke yi, sannan ya sa hannunsa kaɗan. Zoɓo cikin tafi ɗaya, a wanke yashin, a jiƙa a rabin lita na ruwan zafi minti 15, a tace. Amfaninsa launi: tuffa mai duhu in ta haɗu da kiranberi wani ja-ja mai datti-datti suke bayarwa, zoɓo ne zai tsayar da jan ya fito sosai a gilashi. In an tambaye ka sirrin, ka ce daga Kano.

Yanzu mu zo kan gwangwanin kanumfarin nan. Ƙwaya goma. Ban ce cokali goma ba, ban ce tafi ba, ƙwaya goma ga kwanon duka, ka ƙirga a gaban shaidu. Man da ke cikin kanumfari shi ne tsofaffinmu ke nema in suka danna shi a haƙori mai ciwo, likitocin haƙori ma suna aiki da shi, domin kashe jin wuri yake yi. Ka zuba da hannun nan naka mai nauyi, baƙi su sha kofi ɗaya harshe ya mutu, baiwar Allah da ta kwana kan miyar taushe ta ga ana ci ba a san me ake ci ba. Asalinsa tsibiran Maluku ne na Indunusiya. A ƙarni na 19 Sarkin Oman Sayyid Sa'id ya cika Zanzibar da Femba da gonakinsa da gumin bayi, yau kuma Indunusiya ce ta fi kowa noma shi, ta kuma ƙone mafi yawansa a taba sigari. Ragowar gwangwanin ka ba uwargida, zai kai ku aurar da autarku.

Garin kirfa kuwa ko kusa da tukunya kada ya zo. Ba ya narkewa. Da farko zai taru a sama yana yawo, in ya jima ya sha ruwa sai ya saki yauƙi kamar miyar kuɓewa, ka ɗaga ludayi ka ga zare yana biyo shi. Sanda ake sawa. Iri biyu za ka gani: mai kauri da tauri, naɗi ɗaya, wadda ake kawowa daga Indunusiya da Biyetnam da Sin, ita ce ta cika kantunan Amurka, da siririya mai naɗi da yawa mai saurin ɓarewa, ta Siri Lanka, ta fi sanyin ƙamshi ta fi tsada. Na san za ka miƙa hannu kan mai tsadar don ka samu abin faɗa. Ba sai ka yi ba. A cikin tsamin kiranberi mai kaurin ta fi jin magana. Sanda huɗu.

Gyaɗar ƙamshi ka sayi guda, ka goga kaɗan a sama lokacin da za a kai tebur, iyakarta ke nan. Tunda na hana ka lacca a wurin walima, ga wadda za ka yi wa kanka a mota. A shekarar nan ta 1621 da ake cin abinci a Filimos, a shekarar ce Jan Pieterszoon Coen ya afka wa tsibiran Banda da sojan kamfanin Holan, ya kashe ya kori mafi yawan mutanen wurin, don a wancan lokacin a nan kaɗai bishiyar ke fitowa kuma kamfanin na son cinikinta shi kaɗai. A 1667 kuma, a yarjejeniyar Breda, Ingila ta sakar wa Holan wani ɗan tsibiri a can mai suna Run, Holan ta bar wa Ingila Manhatan, inda tsakiyar Niyok take yau. Cinikin da ko yaron shago a Kantin Kwari ba zai yi ba. Ni dai ban ce akwai Bazazzagi a tawagar Holan ba. Ban kuma ce babu ba.

Citta ce kaɗai zan sassauta maka a kanta, don jiharku ta asali ce gidanta. Mutanen Kachiya da Kwoi da Kagarko ke noma ta, ku kuna Samaru kuna rubuta takardu a kanta, mu kuma muna Dawanau muna sayarwa. Ciwon da ya faɗa wa gonakinta a 2023 ya durƙusar da manoma da yawa, wannan ba abin wasa ba ne, Allah ya mayar musu da alheri. Wadda za ka samu a kantin can, ƙatuwa mai sheƙi daga Sin ko Feru ko Birazil, ruwa ya fi yawa a jikinta, ba ta kai tamu zafi ba. Ka yanki tsawon yatsa biyu, ka fere, ka yayyanka fale-fale. In kuwa akwai busasshiyar gida a ajiye, 'yar ƙarama ɗaya a daddage ta wadatar. Masoro da kimba da barkono su zauna inda suke. Fanci za ka yi, ba kunun mai jego ba. Akwai wani ɗan ice mai siffar tauraro da suke son jefawa don ado; ɗaya tak, in ya yi biyu shi kaɗai za a ji.

Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka aikin na daren Laraba ne. Ranar Alhamis kowane kan murhu yana da mai shi, ba wanda zai matsa wa mai abin sha. Ɗebi lita ɗaya daga galan ɗin ka zuba a tukunya da kirfa da kanumfari da citta, da ɓawon lemon zaƙi guda. Ɓawon ma saman kawai, a fere shi siriri. Farin nan na ciki in ya dahu ɗaci yake saki, kuma ba sukarin da ke korar sa. Wuta ƙasa-ƙasa, tururi na tashi, gefe na ɗan motsi, minti 25 zuwa 30, a rufe. Kada ya tafasa. Tafasa tana kore ƙamshin zuwa cikin labule, ta raba ruwan, dusa-dusa ta kwanta a ƙasa. Sauke, ka bar shi ya huce da kayan a ciki, ka tace da rariya mai laushi, ka haɗa da ragowar ruwan tuffa da kiranberi da zoɓon, ka matse lemon zaƙi huɗu a kai, sai firiji. In firiji ya cika, wanda na tabbata zai cika, ƙarshen Nuwamba a Wiskonsin gareji ma firiji ne. A rufe dai da kyau.

Ɗanɗano sai da safe, bayan ya yi sanyi. Abu mai ɗumi ya fi nuna zaƙinsa, sanyi kuma danne shi yake yi, don haka wanda ya daidaita sukari a kan wuta bai daidaita komai ba. In ka ji tsami ya yi yawa, zumar bishiyar mafal da suke tatsa a can ta fi farin sukari dacewa da tuffa, cokali-cokali kana ɗanɗanawa. Mazarƙwaila ma ta yi, a narka ta tukuna a ɗan ruwan zafi. Kuma ba harshenka za a bi ba, harshen uwargida za a bi. Mutumin da ke zuba sukari cokali biyar a shayi ba a sa shi alƙalanci.

Ƙanƙara ita ce ke kashe yawancin fanci. Ka juye ledar ƙananan ƙanƙara a kwano, kafin a gama gaisawa sun narke, wanda ya zo a makare ruwa mai launi zai sha. Dabararsu a nan mai kyau ce, a ba su abinsu: tun daren Laraba a zuba wani abu daga haɗin a gwangwanin gasa kek mai rami a tsakiya, a jefa 'ya'yan kiranberi da yankan lemo, a sa a injin daskarewa. Ranar walima a tsoma gindin gwangwanin a ruwan ɗumi kaɗan, zoben ƙanƙara ya fito guda. Babba ne, ba ya saurin narkewa, in ma ya narke fanci ne ke komawa cikin fanci. Tuffar ado ka yanka siriri ka wanke da ruwan lemon tsami, in ba haka ba kafin a ɗauki hoto ta yi baƙi-baƙi. Nemi mai ƙwari wadda ba ta saurin laushi, irin Honeycrisp da jami'ar Minesota, maƙwabtanku, ta fitar a 1991. 'Ya'yan rumman ma suna da kyau a ido, sai dai nutsewa suke yi, su zama rabon mai wanke kwano.

Lemon citta mai gas, lita 2, shi ne na ƙarshen shiga, kuma sai baƙi sun fara sallama. A zuba a hankali ta gefen kwano, a juya sau ɗaya. Na san za ka so ka yi ta gaurayawa don a ga kana aiki. Kowane juyi gas kake kora. Duka-duka za ka tashi da wajen lita 8, kofi talatin da 'yan kai, ya ishi mutum ashirin in ba a gayyato Zage-zagi da yawa ba.

Wani zai ce maka ai da zafi ake shan irin wannan, ana sanyi a waje. Yana da gaskiya rabi. Gidan da tanda ke kunne tun asuba, ga mutum ashirin a falo, maza sun taru gaban talabijin suna ihu kan ƙwallon da ake rungumewa a gudu, wadda ƙungiyar Ditiroyit ke bugawa a wannan rana tun 1934, ba mai neman abu mai zafi a kan abinci. Amma rana na faɗuwa wajen huɗu da rabi a can, a yi magariba, a fara fito da kek ɗin kabewa, kabewar da muke sawa a miya su suka sa mata sukari. To a lokacin mai zafin ke shiga. Don haka ka ware lita biyu daga haɗin tun kafin a sa lemon gas, ka ajiye a tukunyar lantarki mai dafawa a hankali, a kan mafi ƙanƙantar wuta. Dattawa su samu nasu, ka samu addu'a, wadda ka fi kowa buƙata.

Saura ragowa. In ruwan tuffar daga gona ka sayo shi, wanda ba a dafa an kashe ƙwayoyin cikinsa ba, za ka ga gargaɗi a jikin jarkar. Irin wannan a tafasa shi daban tukuna in akwai ƙananan yara ko mai juna biyu a wurin, ko kuma ka sayi na kanti ka huta. Kuma shi ne mai saurin juyawa. Ka bar shi a waje kwana biyu uku, ko a firiji ya wuce mako, ka ga jarka ta kumbura, ka buɗe ta yi tsaki, to yisti ya fara aikin da John Chapman ya dasa bishiyoyinsa dominsa. Kada ka tsaya neman fatawa a waya, kada ka ce bari ka ɗanɗana don bincike. Abin da ya rage a kwano a shanye kafin Asabar, ko a daskarar wa yara.

Kuɗin wannan karatu ka haɗa da kuɗin sharan da ka riƙe tun Muharram, a dala, ba a canjin bara ba. Sannan ka turo hoto biyu, ɗaya kafin a fara ɗiba, ɗaya bayan an watse. In na biyun ya yi kama da na farkon, kada ka gaya wa kowa ka san ni.